An Cuɗe Ni a Gaban Surukina

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da za a wanke mini ƙwaƙwalwa da soso da sabulu (nan gaba za ku ji dalilin da ya sa ba na son a ambaci soso a gabana), da ranar da na ɗauki surukina da ƙafata na kai shi ziyarar wani masallaci a birnin Istanbul. Har yau in abin ya faɗo mini a rai, ko da a tsakiyar gosulon Nyanya nake, sai in ji kunnuwana sun ɗau zafi.

Bari in fara gabatar muku da surukin nawa. Alhaji mutumin Katsina ne, babban dillalin kayan marmari a kasuwar Zuba, gidansa kuma yana Tungan Maje. Kankana ce sana'arsa tun kafin a haife ni. Dogo ne siriri, ba ya yawan magana, dariyarsa kuwa sai dai mu ji labari a bakin waɗanda suka san shi yana saurayi. In aka sauke motar kankana, yakan bi su yana ƙwanƙwasawa da yatsa, ya kasa kunne, ya ce wannan ta nuna, wannan kuwa a kai wa awaki. Ranar da na fara zuwa gaishe shi a matsayin mai neman 'yarsa Rukayya, kallon da ya yi mini na kankanar awaki ne.

Ya ba ni auren dai, tunda yarinya ta ce ni take so, amma bai taɓa kiran sunana ba. "Mutumin Nyanya," abin da yake ce mini ke nan. Ni ma'aikacin gwamnati ne, irin waɗanda ke da kwat ɗaya da baki goma. Kun san yadda surukuta take a wajenmu. In durƙusa tun daga nesa, in sunkuyar da kai, in gaishe shi, ya amsa yana kallon wani wuri. Ban taɓa cin ko ƙwayar gyaɗa a gabansa ba. In an kawo mini abinci a gidansa, ɗakin samari ake kai ni in ci a can. Wannan duk al'ada ce, ban damu ba. Abin da ke ci mini rai shi ne mazajen yayyen Rukayya, su 'yan kasuwa ne, yakan tsaya ya tambaye su ya ciniki, har ya nemi shawararsu. Ni kuwa daga "lafiya lau" sai "a gaida gida." Burina a duniya shi ne dattijon nan ya dube ni sau ɗaya ya ga mutum.

Ga inda na haƙa wa kaina rami. Tun kafin in yi aure, ofishinmu ya taɓa tura mu taron bita a Maleshiya, jirginmu ya yada zango a Istanbul. Abin da na yi a can bai wuce wannan ba: na yi barci a kan benci, na sha wani shayi da tsadarsa ta sa na yi salati, na ɗauki hoto a gaban allon da aka rubuta sunan garin. Ko ƙofar fita daga filin jirgin ban gani ba. Amma da na dawo, labarin sai ya fara girma da kansa. 'Yan awanni suka zama kwanaki, kwanaki suka zama "duk zuwana." Lokacin da nake zuwa zance wajen Rukayya kuwa, har na kai ga cewa, "Istanbul ai gida ce." (In kuna neman wanda za ku zarga, ku zargi Rukayya. Yadda take buɗe ido in ina ba da labari, ko waliyyi sai ya ƙara gishiri.)

Ana nan, sai Alhaji ya gaji da asarar kayan da ke ruɓe masa a rumfa, ya yanke shawarar zuwa Turkiyya ya ga injinan sanyaya kaya da idonsa. Ɗansa da ya saba raka shi tafiya bai samu biza ba. Rannan na dawo daga aiki a gajiye, na tarar da Rukayya tana ta murmushi kamar an yi mata albishir da kujerar Makka.

"Oga, na yi maka hanya!" in ji ta. "Na ce wa Baba ai ga maigidana, Istanbul kamar Nyanya ya san ta. Ya ce ka kawo fasfo."

Na ce, "Wane Baban?"

"Baba nawa nake da shi? Wai me ya sa kake zufa? Akwai wuta fa, fanka na juyawa."

A nan ya kamata in faɗi gaskiya. Matata ce, ɗaki namu ne, ba mai ji. Amma sai Shaiɗan ya raɗa mini cewa wannan ita ce damar da na daɗe ina roƙo. Ai akwai taswira a waya. Na gyara zama na ce, "Ki ce wa Baba ya kwantar da hankalinsa."

Kuma wallahi da farko abin ya tafi daidai. Ina gaba, waya a ɓoye cikin hannun riga, ina satar kallonta, Alhaji yana biye da carbinsa. Na kai shi manyan masallatan da kowa ke zuwa, ina ta zuba masa tarihin da na haddace a banɗakin otal. Mun hau jirgin ruwa mun tsallaka ɗaya ɓangaren garin. Mun ga kyanwoyi ko'ina, a kan kujeru, a kan motoci, har a ƙofar banki, Alhaji ya ce, "Garin nan kyanwa ce mai unguwa." Da aka kawo masa shayi a wani ɗan kofin gilashi da bai fi babban yatsa ba, ya juya shi ya ce, "Wannan shayi ne ko magani?" Ni dai ina ta yi masa bayani kamar a nan aka yanke mini cibiya.

Wahalata ɗaya ita ce abinci. In na kai masa nasa ɗaki, sai in sulale waje in tsaya a bayan wani kanti ina cusa burodinsu mai zagaye da riɗi kamar ɓarawo. In muna tare a waje ya zauna cin abinci, sai in ce na ƙoshi, in koma bakin ƙofa ina ƙirga kyanwoyi, cikina yana kiran ciroma.

Da aka gama maganar injina, ana gobe za mu dawo, bayan azahar Alhaji ya ce, "Mutumin Nyanya."

"Na'am, Baba."

"Waɗannan masallatan da ka kai ni, masu ɗaukar hoto sun fi masu salla yawa. Tunda ka san Santambul, kai ni wani tsoho wanda babu hayaniya, in yi nafila kafin mu tafi."

Na ce an gama. Muka fita. Mun shiga lungunan bayan kasuwa ke nan, na leƙa hannun riga, sai na ga waya ta mutu murus. Na manta ban sa ta caji ba. Na ci gaba da tafiya da ƙarfin hali, in sha wannan kwana, in sha waccan, Alhaji yana biye da ni. Ina cikin karanto duk addu'ar da na sani, sai ga wani tsohon gini na dutse, da ƙubba a samansa, ga dattawa suna shiga a natse. Na ji kamar in rungume ginin.

"Ga shi nan, Baba," na ce. "Duk zuwana nan nake salla."

Alhaji ya ɗaga kai ya dubi sama. "Ina hasumiyar?"

"Girgizar ƙasa ce ta kayar da ita. Tun zamanin da."

"Allah Sarki," in ji shi.

Muka shiga. Aka nuna mana mu cire takalmi, na ce a raina alhamdu lillahi, masallaci ne. Sai ga wani mutum a bayan tebur yana nuna a biya. Alhaji ya ce, "A masallaci?" Na ce ai na gyaran gini ne, kowa yana bayarwa. Mutumin ya yi ta yi mini tambayoyi da yarensu yana shafa damtsensa da bayansa, ni kuwa ina ta gyaɗa kai ga duk abin da ya faɗa, don kada Alhaji ya ga ban gane ba. Daga baya na fahimci cewa duk wani abu da ake yi wa ɗan Adam a gidan nan, na sa hannu a yi mana.

Aka miƙo wa kowannenmu wani zane mai ratsin ja da fari, da takalman katako, aka nuna mana 'yan ƙananan ɗakuna. A nan ne hancina ya fara gaya mini gaskiya, domin ƙamshin sabulu ne ya cika wurin, ga wani ɗumi yana fitowa daga ciki. Wani ƙato ya wuce ta gabanmu daga shi sai zanen nan a ƙugu, jikinsa yana tururi. Gidan wanka ne. Irin nasu na gargajiya, wanda ake kwantar da mutum a cuɗe shi.

Mai hankali zai ce, "Baba, na yi kuskure, mu juya." Amma ni fa na riga na ce duk zuwana nan nake salla. Alhaji ya ɗaga zanen da yatsa biyu yana jiran bayani.

Na ce, "Harami ne irin nasu, Baba. Mazhabarsu ce haka."

Ya juya zanen gaba da baya. Sannan ya ce, "To. Kowane gari da nasa." Ya shige ɗakinsa.

Shi da yake mai hankali ne, ya fito da wandonsa har idon sawu da singiletinsa, ya ɗora zanen a kai, hular ma bai cire ba. Ni kuwa da ma'aikacin wurin ya nuna mini da hannu in cire komai, sai na cire komai ɗin, don a ga ɗan gari. Na fito daga ni sai ɗan zanen da bai gama zagaye ni ba, tumbina a gaba, ina ƙwas-ƙwas a kan takalman katako. Mutumin da ban taɓa tsayawa a gabansa ba hula ba! Alhaji ya dubi tumbin nan sama da ƙasa, ya ce, "Ashe gwamnati na biyan albashi."

Aka tura mu ciki. Ɗaki ne babba, tururi ya turnuƙe shi, haske yana saukowa ta wasu 'yan ramuka a jikin ƙubbar. A tsakiya akwai wani faffaɗan dakali na farin dutse, ƙarti kwance a kai birjik kamar an yi yankan layya. Ruwa na zuba ta ko'ina.

"Wurin alwala ne," na ce, da wata murya da ni kaina ban san ta ba.

"Alwalar tasu tana da tsawo," in ji Alhaji.

Sai ga wani basamude ya fito daga cikin tururin, gashin bakinsa kamar tsintsiya, ƙirjinsa kamar an shimfiɗa buzu, ya nufo mu yana tafa hannu. Alhaji ya matso kusa da ni ya ce a hankali, "Liman ne?"

Jama'a, ko a lokacin ban tuba ba. Na ce, "Ina jin ladan ne."

Basamuden ya fara nufar Alhaji. Alhaji ya ɗaga masa hannu cikin natsuwa, ya nuna ni, ya ce da Hausa, "Fara da shi, shi ne ɗan gari." Ya samu gefen wani kwamin ruwa ya zauna ya harɗe, kamar yadda yake zama a rumfarsa ta Zuba in ana sauke kaya.

Kafin in ce wani abu an damƙe ni an shimfiɗe a kan dutsen nan mai zafi. Mutumin ya sheƙa mini ruwa, ya zura hannunsa cikin wani soso mai kama da safar hannu, kaushinsa kamar dutsen goge ƙafa, ya fara dirza. Ina so ku sani, ni mutum ne mai wanka safe da yamma. Turarena ma a ofis an san shi, tun ina matakala ake cewa ga ni nan. Amma abin da mutumin nan ya fara fitarwa daga jikina, ban san inda yake ɓoye ba duk shekarun nan. Dauɗa ce take murɗewa tana zubowa sili-sili kamar taliyar Hausa, baƙa wuluk. Ƙurar Nyanya, hayaƙin motocin tasha, zufar layin mai, duk ga su a kwance a kan farin dutse.

Da ya yi shiru ya ci gaba da aikinsa, da da sauƙi. Ina! Mutumin nan alfahari yake da sana'arsa. Ya tattaro abin a tafin hannunsa ya kawo mini daidai hanci, yana wani surutu cikin murna. Ya ƙwala wa abokin aikinsa kira, shi ma ya zo ya gani, ya riƙe baki. Wani tsoho da ke kwance kusa da ni ya ɗaga kai ya leƙa, ya ja jikinsa gefe. Sannan basamuden ya taka har inda Alhaji yake zaune, ya buɗe masa tafin hannu cikin girmamawa, kamar mafarauci ya kawo wa mai gari abin da ya kamo.

Alhaji ya cire tabarau, ya goge tururin da gefen zane, ya mayar. Ya duba da kyau. Ya girgiza kai.

"Inna lillahi," in ji shi. "Ashe abin da yarinyar nan take haƙuri da shi ke nan."

Na roƙi Allah dutsen nan ya tsage in shige, bai tsage ba. Sai ma aka lulluɓe ni da kumfa har ba a ganin komai sai idanuna. Aka murɗe mini hannu ta baya, aka danna gwiwa a gadon bayana, ƙashina ya ce ƙas. Na ƙwala ihu, "Wayyo Inna!" Ita kuma ƙubbar nan, munafuka, ta ɗauki ihun ta yi ta maimaita shi har kowa ya samu rabonsa. Daga ƙarshe ya ɗaɗa mini tafi biyu a baya, alamar an gama, ƙarar ta cika ɗakin.

Na miƙe da sauri don in gudu, na manta da takalman katako da kumfa. Ƙafa ta tafi gabas, zane ya nemi tafiya yamma. Na saki komai na cafke zanen da hannu biyu (wannan kaɗai ne abin kirkin da na yi a ranar), na zube, santsi ya ja ni suuu har gaban Alhaji, na tsaya a durƙushe daidai ƙafafunsa. Da yake jiki ya saba, ban san lokacin da bakina ya ce, "Baba, sannu da hutawa" ba.

Ya ce, "Yauwa. An idar?"

Shi ma fa bai bar kuɗinsa ya tafi a banza ba. Ya cire singileti ya ba da bayansa da kafaɗunsa aka gasa masa, wandonsa na jikinsa, mutuncinsa na jikinsa. Bayan nan aka fito da mu wani ɗaki mai sanyi, aka naɗe mu da tawul har ka kamar jarirai ranar suna, aka ajiye mana shayin nan na magani. Kunya ta gama cinye ni, har na ji ba abin da ya rage da zan kare.

Na ce, "Baba, ka yafe mini. Ban taɓa shigowa garin nan ba. Iyakata filin jirgi."

Ya kurɓi shayinsa. "Na sani."

Na ɗago kai, karo na farko a rayuwata na dube shi ido cikin ido.

"Ranar da muka sauka, layin masu wucewa wata ƙasa ka kai mu," in ji shi. "Ƙafarka ba ta san ƙofar fita ba. Nan kuma tun daga bakin titi na ji ƙamshin sabulu. Na taɓa ganin masallacin da ake shanya tawul a bayansa?"

"To Baba, me ya sa ba ka ce mu juya ba?"

"Kankana ba a gane ta sai an ƙwanƙwasa. So nake in ji inda za ka tsaya." Ya ajiye kofin. "Ladan!"

Sai kafaɗunsa suka fara rawa. Na ɗauka tari ne ya sarƙe shi, har na yunƙura in nemo ruwa. Ashe dariya ce. Alhaji, wanda 'ya'yan cikinsa ba su san launin haƙoransa ba, ya yi dariya har tawul ɗin kansa ya faɗi, yana share hawaye yana cewa, "Girgizar ƙasa! Kai, Allah ya shirye ka!"

Da muka fito, bayan ya sa na tambayi hanya da bakina mun samu masallaci na gaske ya yi nafilarsa, sai ya ja mu wani gidan abinci. Aka kawo faranti ɗaya babba, gasasshen nama da shinkafa. Na miƙe kamar kullum zan koma wajen kyanwoyi. Sai na ji an kira sunana. Sunana na yanka, ba Mutumin Nyanya ba. Na waiga don in ga ko wani ne.

"Zauna," in ji Alhaji. "Bayan abin da na gani yau, wace kunya kuma ta rage tsakanina da kai? Sa hannu. Ba sai ka wanke ba, an wanke maka na shekara."

Na zauna na sa hannu a faranti ɗaya da surukina. Abin da na yi shekaru ina nema da kwat da turare da tarihin da na haddace, ashe sai an tuɓe ni za a ba ni.

A jirgi na roƙe shi don girman Allah kada maganar ta wuce mu biyu. Ya ce shi ba mai surutu ba ne, kuma gaskiya bai faɗa wa kowa ba. Sai dai bayan mun dawo da 'yan kwanaki, Rukayya ta je Tungan Maje karɓo tsarabarta, ta dawo tana juya wani abu a hannu.

"Oga, ka ga wani ikon Allah," in ji ta. "Kowa Baba ya ba shi dogayen riguna da alewa, ni kuma ya ƙara mini da wannan. Wai in riƙa taimaka maka ta baya, wai kai ka san yadda ake amfani da shi."

Soson ne. Har da sabulunsa.

Yanzu in na je Zuba, Alhaji da kansa yake jawo mini kujera ya sa a yanka mini kankana, in ci a gabansa. In an kira salla kuma sai ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Mu je namu na nan, ko kana da wani tsoho da ka sani?" Abin da na koya dai shi ne, in ba ka san hanya ba ka tambaya tun kana da wando a jikinka. Kuma duk wanda ya ce muku wani gari gida ne a wurinsa, ku fara tambayarsa ta wace ƙofa ake fita daga filin jirgi.